Kwana Goma Sha Huɗu

Ni ne Sallau, mai wanki a bakin kududdufin bayan Sheka.
Shekara talatin ina shanya a filin nan:
rigunan angwaye, zannuwan gadon asibiti,
da jamfar wani malami da bai taɓa biyana a kan kari ba.
Filin ba nawa ba ne, ba na wani ba ne,
shi ya sa yake namu duka.

Da damina nan ruwan unguwanni yake gangarowa,
ya durƙusa kamar raƙumi, ya ƙyale mana gidajenmu.
Da rani yara su aje duwatsu biyu su ce raga ce,
Tasallah ta kafa kaskon awara a gindin darbejiya.
Ranar jana'izar Ɗanlasan nan muka ja sahu,
don ƙofar masallaci ta yi mana kaɗan.

Wata Talata muka wayi gari da turaku,
jajaye, kowanne da lambarsa.
Tifa ta juye jar ƙasa a bakin ruwa,
kwaɗi suka yi tsit.

Muka ce ai akwai doka, mun tarar da ita:
wata uku gare ka ka kai kuka,
a kira zama, a ji ta bakin mai unguwa, a ji ta mai talla.
Muka yi karo-karo, ɗari biyu-biyu,
Malam Tukur na firamare ya rubuta takarda,
mutum ɗari da sha bakwai, wasu da biro, wasu dangwale.
Ni sabulu ya cinye zanen babban yatsana,
sai a dangwale na uku ya yarda ya fito.

A ofishin filaye fanka na juyi, ba iska.
Akawu bai ɗago kai ba ya ce, "Kun makara.
An sauya ƙa'ida tun watan jiya.
Kwana goma sha huɗu ne yanzu, yau kuna na ashirin.
Kuma ba ma karɓar ƙorafi
sai daga mai takardar mallaka."

Na ce, ranka ya daɗe, wa ke da takardar inuwa?
Wa aka yanka wa shaidar wurin kwanan ruwa?
Ya nuna bango da gindin biro.
Ga sanarwar can a bayan kabad,
da Turanci, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
inda gizo-gizo kaɗai ke karatu.

Yaushe aka yi shela? A wace rediyo?
An ɗinka mana riga ba a gwada mu ba,
ta shaƙe mana wuya, an ce laifin wuyan ne.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma an gyara rufin ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Ummulhairi, 'yar Tasallah,
wadda kuɗin awara ya kai ta karatun lauya,
ta karanta takardar sau biyu, ta cire tabarau.
Ta ce, "Baba, ba filin kaɗai za mu kai kotu ba.
Ƙa'idar da kanta za mu gurfanar,
ta faɗa mana wa ta tambaya kafin ta shigo gari."

Mutanen Kurna sun aiko, su ma an kafa musu turaku.
Na ce su zo, gemu ɗaya ne ke cin wuta.

Ranar zama na goge tawa rigar,
karon farko da na sa wa kayana sitaci.
Muka cika benci har baranda.
Lauyan gwamnati ya nemi lokaci ya nemo wani fayil,
shi da ya ba mu sati biyu.
Aka ɗage sai bayan Babbar Sallah.

Na dawo na kwashe shanya da wuri.
Tifa na nan, ta ƙara tudu uku.
Gabas ta yi baƙi tun la'asar.
Shi hadari ba wanda ya gaya masa an ɗage.